Me ya sa hanyoyin waje kaɗai ke rikicewa idan aka haɗa EIGRP da OSPF?

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da injiniyoyin wannan zaure. Ina neman a warware mini wata matsala da ta shafi zuba hanyoyi daga wani tsarin zaɓen hanya zuwa wani, kuma zan bayyana yadda netwok ɗin yake dalla-dalla domin mai amsawa ya samu abin da zai kama.

A wurin aikinmu netwok ɗin ya kasu kashi biyu. Tsohon ɓangaren, wanda dukan rautocinsa (na'urorin da ke tura bayanai tsakanin sassan netwok) na kamfanin Cisco ne, yana tafiya a kan tsarin zaɓen hanya mai suna EIGRP, sabon ɓangaren kuwa, wanda aka gina daga baya da kayan kamfanoni daban-daban, yana kan wani tsarin mai suna OSPF. Rautoci biyu ne suke tsaye a kan iyaka, zan kira su R1 da R2, kowacce tana gudanar da tsare-tsaren biyu, kuma kowacce tana zuba hanyoyin EIGRP cikin OSPF, tana zuba na OSPF cikin EIGRP. An yi su biyu ne domin idan ɗaya ta faɗi ɗayar ta riƙe aikin.

A can cikin ɓangaren EIGRP akwai wata rauta, R5, wadda take haɗe da wani reshenmu ta layin rediyo mai saurin megabit 2. Reshen ba ya gudanar da kowane tsari, sai dai an rubuta wa R5 kafaffiyar hanya da hannu zuwa 10.50.0.0/16, aka zuba ta cikin EIGRP da awon 2000 2000 255 1 1500, wato lambobin da EIGRP yake lissafa tsadar hanya da su, ta farko faɗin layi, ta biyu jinkiri. A kan R1 da R2 kuwa, awon da aka ba hanyoyin OSPF masu shiga EIGRP shi ne 10000 100 255 1 1500.

Abin da ke faruwa shi ne, duk rukunan adireshin da suke cikin EIGRP na asali ana isa gare su lafiya daga ko'ina, haka ma na OSPF, amma reshen nan na 10.50.0.0/16 ba a isa gare shi muddin R1 da R2 suna aiki tare. Idan na bi sawun fakiti, wato ƙunshin bayanan da ake turawa, sai in ga yana kai-komo tsakanin R1 da R2 har ya mutu a hanya. Idan na kashe ɗaya daga cikinsu sai reshen ya dawo nan take, idan na sake kunna ta sai matsalar ta dawo, sai dai wani lokaci kewayon yakan juya, wadda a da take turawa ta OSPF ta koma turawa ta EIGRP. Tambayata ita ce, me ya bambanta wannan hanya guda da sauran, kuma yaya ake gyara ta ba tare da an haƙura da rauta ɗaya a kan iyaka ba?

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam. Bayanin da ka kawo ya wadatar, kuma amsar tana cikin lambobin da ka rubuta da kanka.

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne, rauta ba ta ɗauko hanyoyin da za ta zuba daga rumbun bayanan tsarin da ya koya mata su. Tana ɗauko su ne daga teburin hanyoyinta, wato daga cikin waɗanda suka yi nasara aka girka su. Idan ka umarci R2 ta zuba hanyoyin OSPF cikin EIGRP, abin da za ta duba shi ne waɗanne hanyoyi ne suke zaune a teburinta da sunan OSPF a wannan lokaci, ba ta tambayar inda aka haife su. Saboda haka wanda ya ci gasar shiga tebur shi ne yake yanke hukuncin abin da za a zuba da kuma ta wace fuska za a zuba shi.

Gasar kuwa ba da awon hanya ake yin ta ba idan tsare-tsare biyu ne suka kawo rukunin adireshi ɗaya, domin awon OSPF da na EIGRP ba sa gwaduwa, kamar yadda ba a cewa mudu uku ya fi kilo biyar sai an san me ake aunawa. Ana amfani ne da lambar amincewa, wadda masu aikin suke kira AD, kuma ƙaramar lamba ita ce mai rinjaye. A kayan Cisco, hanyar da take haɗe kai-tsaye tana da 0, kafaffiyar hanya 1, BGP (tsarin musayar hanyoyi tsakanin netwok masu zaman kansu) na waje 20, EIGRP na cikin gida 90, OSPF 110, RIP 120, EIGRP na waje 170, BGP na ciki 200. Ka lura da cewa EIGRP lambobi biyu gare shi a nan, OSPF kuwa ɗaya ce tak, ko hanyar ta cikin gida ce ko ta waje.

Wannan shi ne dalilin da ya sa sauran hanyoyinka suke lafiya. Hanyar EIGRP ta cikin gida tana da 90, don haka ko da R1 ta zuba ta cikin OSPF ta zagayo ta iso R2 da 110, R2 ba za ta kula ta ba. Hanyar OSPF kuma idan R1 ta zuba ta cikin EIGRP, za ta iso R2 a matsayin ta waje mai 170, kuma 110 ɗin da R2 take da shi ya fi ta. An tsara lambobin EIGRP biyun ne su sa OSPF a tsakiya, shi ya sa haɗin yake kare kansa a mafi yawan lokuta. Amma 10.50.0.0/16 ba ta cikin gida ba ce. Tun daga R5 ta shiga EIGRP a matsayin baƙuwa, da 170 a goshinta, kuma 170 ba ta iya tsayawa gaban 110.

Ga yadda abin yake tafiya. R1 ta koyi hanyar daga R5 ta EIGRP, ta girka ta, ta zuba ta cikin OSPF a matsayin sanarwa nau'i na 5, wato sanarwar hanyar waje, wadda ake yaɗa wa dukan yankunan OSPF in ban da waɗanda aka rufe wa hanyoyin waje. R2 ta ji hanyar ta fuska biyu, ta EIGRP da 170 da kuma ta OSPF da 110, sai ta zaɓi ta OSPF, ta fara tura fakiti ta cikin sabon ɓangaren zuwa R1. Da a nan abin ya tsaya, da doguwar hanya kawai aka bi, ana dai isa. Sai dai yanzu hanyar tana zaune a teburin R2 da sunan OSPF, don haka R2 ta mayar da ita cikin EIGRP da sabon awo.

A tsohon salon lissafin EIGRP, ana raba 10,000,000 da faɗin layi mafi ƙanƙanta a kilobit, a tara da jimillar jinkiri, a ninka da 256. Sauran lambobi uku da ake rubutawa a umarnin, wato 255 da 1 da 1500, dole ne a rubuta su amma ba sa shiga lissafin idan ba a taɓa saitin asali ba. Awon da R5 take sanarwa ya fara ne daga 5000 a tara da 2000 a ninka da 256, wato 1,792,000. Wanda R2 take sanarwa kuwa 1000 ne a tara da 100 a ninka da 256, wato 281,600. Duk biyun hanyoyin waje ne masu 170, don haka a nan awo ne zai raba gardama, kuma duk wata rauta ta EIGRP, har da R1 kanta, za ta ga cewa ta wajen R2 ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. R1 ta juya ta fuskanci R2 ta EIGRP, R2 tana fuskantar R1 ta OSPF, kuma kowacce tana ci gaba da sanar da abin da ɗayar ta dogara a kai. Babu abin da zai karya wannan kewayo da kansa, domin a ganin R1 har yanzu tana da hanyar EIGRP ta waje a teburinta, don haka ba ta da dalilin janye sanarwarta daga OSPF. Juyawar da kake gani bayan ka kashe ka kunna kuwa, wadda ta riga zuba hanyar cikin OSPF ita ce take ɗaukar matsayin R1 a wannan labari.

Maganin da aka saba da shi shi ne tambari, wato wata lamba da ake liƙa wa hanya domin a gane inda ta fito. Sanarwar waje ta OSPF tana da gurbi mai bit 32 da aka keɓe domin wannan, EIGRP ma yana ɗaukar tambari a hanyoyinsa na waje. A kan R1 da R2 duka, ka rubuta route-map, wato jerin sharuɗɗan tace hanyoyi, da zai buga wa duk hanyar da ke fita daga EIGRP zuwa OSPF tambarin 90, ya kuma ƙi duk wadda ta zo da tambarin 110. A ɗaya fuskar ka rubuta kishiyarsa, mai buga 110 yana ƙin 90. Lambobin ba su da wata ma'ana ga rautar, ni dai nakan zaɓi waɗannan ne domin wanda zai gaje ni ya gane su da kallo ɗaya. Da zarar ka yi haka R2 za ta daina mayar da hanyar inda ta fito, kewayon kuma ya ƙare.

Mai Kebul ta amsa:

Bayanin Injiniya daidai ne, kuma tambari zai kashe kewayon. Amma ina so in ƙara cewa ba zai kammala aikin ba, kuma mai tambaya zai ga haka da zarar ya duba teburin R2 bayan gyaran.

Tambari yana hana a mayar da hanya ne kawai, ba ya taɓa gasar shiga tebur. R2 za ta ci gaba da ganin 110 da 170, ta ci gaba da zaɓen OSPF, don haka fakitin da ya iso gare ta zai ratsa sabon ɓangaren ya je R1 kafin ya shiga EIGRP, alhali R2 tana da ƙafa a cikin EIGRP ɗin da kanta. Akwai kuma wasu illoli biyu da ba a cika lura da su ba. Tun da hanyar ba ta zaune a teburin R2 da sunan EIGRP, R2 ba za ta zuba ta cikin OSPF ba, wato ƙofa ɗaya ce ke aiki ga wannan reshe duk da an sayi biyu. Sannan EIGRP ba ya sanar wa maƙwabta hanyar da bai samu girkawa a tebur ba, don haka idan akwai wata rauta ta EIGRP da ba ta da mafita sai ta bayan R2, za ta rasa reshen baki ɗaya.

Dole ne a taɓa lambar amincewa a kan rautocin iyaka. Hanya mafi sauƙi ita ce umarnin distance ospf external 171 a ƙarƙashin OSPF na R1 da R2, wanda zai sa duk hanyar waje ta OSPF ta koma bayan 170. Wannan lamba ba ta tafiya a cikin sanarwa, a kan rautar da aka rubuta ta kaɗai take aiki, shi ya sa ba a bukatar taɓa sauran.

Sai dai kafin ka rubuta shi, Malam, ka amsa wa kanka wata tambaya: shin ɓangaren OSPF yana da nasa hanyoyin waje? Idan yana da su, misali hanyar gama-gari ta fita intanet, wato wadda ake bi idan babu wata hanyar da ta dace, da wata rauta take sanarwa daga can, to ka juya matsalar ne kawai. R1 za ta zuba wannan hanya cikin EIGRP, ta iso R2 da 170, R2 ta gwada ta da 171 ta zaɓi ta EIGRP, sai ga doguwar hanya ta dawo ta ɗaya fuskar. Abin da ya fi dacewa a irin wannan hali shi ne a ɗaga lambar ga hanyoyin da takwarar iyaka ta sanar kaɗai. Umarnin distance a ƙarƙashin OSPF yana karɓar adireshin tushe, kuma a OSPF tushen da ake nufi shi ne lambar shaidar rautar da ta ƙirƙiri sanarwar, ba maƙwabciyar da ta miƙo ta ba. A kan R2 sai ka ce duk abin da R1 ta ƙirƙira, ko kuma waɗanda ka lissafa a jerin tacewa daga cikinsu, a ba shi 171, a kan R1 ka yi haka game da R2. Hanyoyin waje na gaskiya da wata rauta dabam ta kawo za su zauna da 110 ɗinsu. Kada ka yi ƙoƙarin yin irin wannan zaɓe ta ɓangaren EIGRP, domin a can umarnin mai jerin tacewa ba ya aiki a kan hanyoyin waje, sai dai ka sauya lambarsu gaba ɗaya.

Wasu sukan bi wata hanya, su sa matatar distribute-list mai duba tambari a ƙarƙashin OSPF domin ya hana hanyoyi masu tambarin 90 shiga teburin rautar iyaka kwata-kwata. Yana aiki, amma ni ban so shi ba, domin ranar da layin R2 na cikin EIGRP ya yanke, hanyar OSPF ta wajen R1 ita ce kaɗai za ta cece ta, kuma kai da hannunka ka hana ta shiga. Lambar 171 tana ajiye ta a gefe ne, ta fito idan ta 170 ta ɓace.

Sabon Hannu ya sake rubutawa:

Allah Ya saka da alheri, Injiniya da Hajiya. Na duba lissafin awon kuma ya yi daidai da abin da rautocin ke nunawa. Game da tambayar Hajiya, lallai ɓangaren OSPF yana da tasa ƙofar waje: akwai R7 wadda take magana da kamfanin da ke ba mu intanet ta BGP. A yanzu hanyar gama-gari kawai take sanarwa, amma akwai masu ba da shawarar a zuba hanyoyin BGP ɗin cikin OSPF domin kowace rauta ta san inda take turawa. Ina so in ji ra'ayinku a kan wannan. Sannan na ga duk hanyoyin da R1 da R2 suke zubawa cikin OSPF suna fitowa a matsayin hanyar waje nau'in E2 da awon 20, na kuma karanta cewa idan ƙofofi biyu ne E1 ya fi dacewa. Shin wajibi ne in sauya?

Bakin Iyaka ya amsa:

Malam, bari in fara da mai sauƙin. E2 da awon 20 shi ne abin da Cisco take bayarwa idan ba ka faɗi komai ba, in ban da hanyoyin da aka ɗauko daga BGP, waɗanda ake ba 1. Bambancin nau'o'in biyu shi ne, E2 yana riƙe awon da aka ba shi a ƙofa duk nisan da ya yi a ciki, E1 kuwa ana tara masa tsadar tafiya daga rautar da ke lissafi zuwa ƙofar. Daga nan ne maganar da ka karanta ta samo asali, amma ba cikakkiya ba ce. Idan R1 da R2 duka sun sanar da hanya a matsayin E2 da awon 20, OSPF ba ya tsayawa a kan kunnen doki, yana duba wace ƙofa ce ta fi kusa ya bi ta. Don haka muddin lambobin ɗaya ne, sakamakon kusan ɗaya ne da na E1. Bambancin yana fitowa ne idan ka ba su lambobi daban. Da E2, idan R1 ta ce 20 R2 ta ce 30, kowa zai bi R1 ko da yana zaune a gindin R2, kuma wannan shi ne abin da ake so idan ɗaya ce babbar ƙofa ɗayar kuma ta jiran ko-ta-kwana. Da E1 kuwa ratar 10 ɗin za ta iya narkewa cikin tsadar tafiya, na kusa da R2 su bi R2. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka sauya ɗaya ka bar ɗaya, domin OSPF yana fifita E1 a kan E2 kafin ya kalli awo, har ta kai E1 mai 500 yana kayar da E2 mai 20.

Batun zuba BGP cikin OSPF kuwa, shawarata ita ce ka ƙi. Idan kamfanin yana ba ku cikakken teburin intanet ne, hanyoyin IPv4 kaɗai sun haura 900,000, kuma kowacce za ta zama sanarwa nau'i na 5 mai zaman kanta, a ajiye ta a ƙwaƙwalwar kowace rauta, a kuma sabunta ta duk minti 30 kamar yadda ƙa'idar OSPF da ke cikin takardar RFC 2328 ta shekarar 1998 ta tanada. Ba a gina OSPF don ɗaukar wannan kaya ba. Idan kuma hanyoyi kaɗan yake ba ku, to da ƙofar intanet ɗaya babu abin da sanin su zai ƙara wa rautar ciki, tun da duk inda za ta je ta R7 za ta bi. Umarnin default-information originate ya wadatar, kuma dama shi ne kaɗai yake shigar da hanyar gama-gari cikin OSPF, domin umarnin zubawa na yau da kullum yana tsallake ta. Idan wata rana dole ta sa ka zuba wasu hanyoyin BGP, ka lissafa su ɗaya bayan ɗaya a jerin tacewa, ka kuma ɗora redistribute maximum-prefix, mai ƙayyade yawan hanyoyin da za a zuba, a matsayin shinge na biyu.

Akwai wani dalili da ya fi nauyin kaya girma a wurina. BGP yana kare kansa daga kewayo ne da jerin lambobin AS, wato lambobin shaidar netwok masu zaman kansu da hanya ta ratsa, kuma wannan jeri ba shi da gurbi a cikin OSPF. Hanyar da ta shiga tsarin cikin gida ta sake fitowa zuwa BGP tana fitowa ne kamar ku kuka haife ta. Duniya ta ga abin da hanyoyi marasa tarihi suke iya yi a ranar 25 ga Afrilun 1997, lokacin da wani kamfanin intanet a Amurka mai lamba AS7007 ya saki ɗimbin hanyoyin wasu, an daddatsa su zuwa ƙananan rukunai na /24, an kuma shafe jerin asalinsu ya zama lambarsa kaɗai. Tun da rukunin adireshi mafi tsukewa shi ne yake cin nasara a tebur, zirga-zirgar wurare masu yawa ta karkata zuwa gare shi, intanet ta rikice na tsawon sa'o'i. Irin wannan tsoro ne ya sa Cisco ba ta zuba hanyoyin BGP na ciki cikin wani tsari sai an rubuta bgp redistribute-internal, kuma idan ana zuba OSPF cikin BGP ba ta ɗaukar hanyoyin waje na OSPF sai an ambace su da suna.

Zan kuma faɗi abin da wataƙila Injiniya da Hajiya ba za su yarda da shi duka ba. Tambari da lambar 171 gyara ne mai kyau, amma gyara ne a kan ginin da ni ba zan bari ya daɗe ba. Idan adireshin tsohon ɓangaren suna taruwa cikin manyan rukunai biyu ko uku, to zubawa ta fuska ɗaya ta isa: R1 da R2 su taƙaita hanyoyin EIGRP da summary-address su shigar da su OSPF, su kuma ba EIGRP hanyar gama-gari kawai. Abin da ba a zuba ba ba zai dawo ba. Sannan tun da sabon ɓangaren ya haɗa kayan kamfanoni daban-daban, makomar netwok ɗin OSPF ce. Cisco ta wallafa bayanin EIGRP a RFC 7868 a shekarar 2016, amma har yanzu da wuya ka same shi a kayan da ba nata ba, MikroTik ɗin da ƙananan kamfanonin intanet na wajenmu suke yawan amfani da shi ma ba ya gudanar da shi.

Mai Kebul ta sake amsawa:

Na yarda da Malam Bakin Iyaka a kan BGP, ban yarda da shi duka a kan zubawa ta fuska ɗaya ba. Taƙaitawa tana ɓoye yankewar layi: idan R1 ta rasa rabin tsohon ɓangaren amma ta riƙe ko da hanya ɗaya daga cikin rukunin, za ta ci gaba da sanar da dunƙulen, fakitin sauran rabin ya zo gare ta ya faɗi. Sai idan akwai layi kai-tsaye tsakanin R1 da R2 a cikin EIGRP zan amince da wannan tsari. Kuma ƙaura zuwa OSPF ba aikin dare ɗaya ba ne, a tsawon watannin da za a ɗauka tambarin ne zai riƙe netwok ɗin.

Wani abin lura ga mai tambaya shi ne, lambobin da muke ta ambata na Cisco ne. Juniper da Huawei sun raba OSPF gida biyu tun daga masana'anta, na ciki 10, na waje 150, kuma a Huawei kafaffiyar hanya 60 take da shi, ba 1 ba. Idan wata rana aka sa ɗaya daga cikinsu a wata iyaka, sai an sake lissafin daga farko. Haka kuma dabarar ɗaga lamba bisa shaidar takwara tana lalacewa idan ɗaya daga cikin R1 da R2 tana cikin yankin NSSA, wato yankin OSPF da ba ya karɓar sanarwa nau'i na 5, ɗayar kuma tana wajensa, domin a can sanarwar tana fara rayuwa ne a matsayin nau'i na 7, kuma rautar bakin yankin da ta mayar da ita nau'i na 5 ita ce take zama mai ƙirƙira a idon na waje.

Bayan ka yi gyaran, ka duba da umarni biyu. Na farko show ip eigrp topology 10.50.0.0/16, wanda yake nuna rautar da ta shigo da hanyar da kuma tsarin da ta fito daga gare shi. Ya kamata ka ga R5 da kafaffiyar hanya kawai, idan ka ga an rubuta OSPF to har yanzu akwai inda tambarin yake yoyo. Ka tabbatar kuma babu rautoci biyu masu lambar shaida iri ɗaya a EIGRP, domin rauta tana watsar da duk hanyar waje da ta ga shaidarta a jiki, kuma ba ta yin hayaniya a kan haka. Na biyu show ip ospf database external 10.50.0.0, inda ya kamata ka ga sanarwa biyu, ɗaya daga R1 ɗaya daga R2, kowacce da tambarin 90. A nan ka kalli gurbin adireshin turawa. Idan 0.0.0.0 ne, fakiti zai nufi rautar da ta yi sanarwar. Idan wani adireshi ne dabam, to dole ne ya kasance ana isa gare shi ta hanyar OSPF ta cikin yanki ko ta tsakanin yankuna, in ba haka ba sanarwar za ta zauna a rumbun bayanai, amma hanyar ba za ta shiga tebur ba.